Na buɗe ƙofa ta 53, amma rabinta kawai

Har yanzu in na tuna wancan makon sai raina ya sosu, don layi ɗaya ne tak na bari ban rubuta ba a saitin tsaron sabar imel ɗinmu, ya jawo mana asarar saƙonni na kwanaki.

Ni ke kula da sabar imel ta wurin aikinmu, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonninmu. Wata Alhamis na yanke shawarar ɗaure katangar tsaronta tamau: a rufe komai, shiga da fita, sai ƙofofin da na buɗe da hannuna, wato hanyoyi masu lamba da bayanai ke bi su shiga saba ko su fita. Lambobin duk suna kaina. Na fara da 22 ta SSH, hanyar da nake shiga sabar daga nesa, don kada in kulle kaina a waje. Sai 25 da sabobi ke miƙa wa juna saƙo, 587 da 465 na masu aikawa, 993 na masu karantawa ta IMAP, 80 da 443 na shafin da ake duba imel. Na buɗe 123 ta UDP saboda daidaita agogo; UDP da TCP su ne hanyoyi biyu da ake aika bayanai ta cikinsu. Da na zo kan DNS, tsarin da ake tambaya adireshi da bayanan sunayen intanet, na rubuta 53, UDP, na wuce ban ko tsaya ba. Tun ina koyo haka na haddace: DNS na UDP ne, TCP sai in sabar DNS za ta kwafe wa 'yar'uwarta kundin sunaye. Mu kuwa ba ma yin wannan.

Na gwada, saƙo ya shiga, saƙo ya fita. Na rufe kwamfuta na tafi da kwanciyar hankali.

Abin da ya sa matsalar ta daɗe ba a gano ba shi ne ba komai ya tsaya ba. Yawancin saƙonni suna zuwa lafiya lau. Sai a rana ta shida wani da muke hulɗa da shi ya kira shugabana, ya ce takardun da ya turo sun dawo masa. Shugaban ya leƙo ofis ya ce, "Malam, ka taɓa wani abu a sabar nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na ɗaure tsaro ne kawai, kuma na gwada komai. Matsalar daga wajensu take." Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo daga baya, don da bakina na ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba.

Dare biyu na yi ina neman abin a inda ba ya nan. Na dinga zagaye 25, na ƙwanƙwasa ta daga waje, tana amsawa. A rajistar saba na ga ana mayar wa sabarsu da lamba 451, wato a dakata a sake gwadawa, dalili kuwa an kasa tantance SPF ɗinsu, wato bayanin da ke cikin DNS mai nuna sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunansu. Sabarsu ta yi ta dawowa tana ƙwanƙwasawa kwana da kwanaki, da ta gaji ta mayar wa mai saƙo kayansa. Na duba bayanan DNS ɗinsu daga kwamfutata, ga su nan ras. Wannan ya ƙara ruɗa ni.

Sai wajen ƙarfe biyu na dare na biyu tunani ya zo mini in yi tambayar daga cikin sabar kanta. Na buga dig, umarnin da ake yi wa DNS tambaya da shi, na nemi bayanan TXT na sunansu na intanet, wato layukan rubutu da SPF ke zaune a cikinsu. Layi ɗaya ya fito yana cewa amsar ta zo a gutsure, za a sake nema ta TCP. Daga nan shiru. Alamar rubutu tana ƙiftawa, ina kallonta, har lokaci ya ƙare. Jikina ya yi sanyi, don nan take na san layin da ban rubuta ba.

Ga yadda abin yake. A ƙa'idar DNS ta asali, ta 1987, amsar da ke bi ta UDP ba ta wuce bayit 512, kusan haruffa 512 ke nan. Daga baya EDNS, wani ƙari da aka yi wa ƙa'idar, ya faɗaɗa wurin, kuma tun 2020 sabobi da yawa suka tsaya a 1232. In amsa ta fi haka girma, sabar da aka tambaya sai ta sa mata alamar gutsurewa, ma'ana ka dawo ta TCP, a wannan lamba ta 53 ɗin dai. Su kuma manyan ma'aikatu, duk manhajar da suka yi rajista da ita sai ta ce su liƙa wani dogon rubutu a TXT don tabbatar da sunan nasu ne. Haka suke taruwa shekara da shekaru. Mai neman SPF kuwa ba ya iya zaɓar layi ɗaya, duka ake juye masa. Shi ya sa saƙonnin ƙananan wurare suka yi ta shigowa, na manya, waɗanda aikinmu ya fi dogara da su, suka maƙale a bakin ƙofa.

Abin haushin, ba sabon abu ba ne. Tun 2016 takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 7766 ta wajabta wa masu DNS su riƙa karɓar TCP. Ni ne na zauna da haddar da zamani ya wuce.

Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Na ƙara 53 ta TCP, na sake buga dig, amsa ta zubo ta cika allo. Kafin asuba saƙonnin da ba su gaji da jira ba suka fara shigowa. Waɗanda suka riga suka koma kuwa sai da na bi rajista ɗaya bayan ɗaya, na fitar da sunayen masu su, muka roƙe su su sake turowa. Na kuma je na faɗa wa shugabana cewa laifina ne, a ba mutanen can haƙuri.

Tun ranar na daina rubuta lambar ƙofa ita kaɗai. TCP na da nasa ƙofofi daga 0 zuwa 65535, UDP ma na da nasa daban, lamba ce kawai ta zo ɗaya. Na koma kan jerin da na buɗe da wannan idon, sai na lura 443 ma tana da ɓangaren UDP da HTTP/3, sabon tsarin buɗe shafukan intanet, ke bi, kodayake ita in an rufe ta, burauza na komawa TCP ba tare da kowa ya sani ba. Sannan gwajin da na yi ranar Alhamis ɗin, daga akwatina na aika wa akwatina, wato sunanmu ne aka duba, wanda bayanansa ba su kai layi uku ba. Yanzu duk lokacin da na taɓa katangar, daga cikin sabar nake gwaji, in zaɓi suna mai tarin TXT, in buga dig +tcp don tambayar ta bi ta TCP, in jira sai na ga amsa kafin in tashi daga kujera.