Ranar atisayen girgizar ƙasa

Litinin, 1 ga Satumba, Hamamatsu

Yau ce ranar shirin tunkarar bala'i a Japan, don tunawa da girgizar ƙasar Kanto ta 1923 da ta hallaka mutum sama da 100,000. Shi ya sa da safe ba mu buɗe littafi ba a makarantar koyon Japananci. Ƙararrawa na kaɗawa muka shige ƙarƙashin tebur, kowa ya riƙe ƙafar teburin gam, daga nan aka fito da mu fili a jere.

Malamarmu, wadda ko shafi za a buɗe sai ta haɗa da roƙo, yau tsawa ta daka mana: "Abunai! Nigete!", wato haɗari, ku gudu. Duk "kudasai" (don Allah) ɗin nan na ladabi da ta yi watanni tana cusa mana, ta watsar da shi. Wanda ruwa ya ci, in ji ta, "Tasukete!" (a cece ni) kawai zai ƙwala. Ni a ganina da waɗannan ya kamata a fara wa baƙo, tun kafin gaisuwar ofis.

Bayan azahar aka shiga nahawu, nan na daɗe. Tasukeru shi ne ka ceci wani, 'yar kalmar "o" ke bin sunan wanda aka ceta. Tasukaru kuwa mutum ya tsira, da 'yar kalmar "ga" yake tafiya, ba a ma ambaton mai ceton. Ashe shi ne "tasukarimashita" da tsohuwar maƙwabciyata ta ce min ranar da na hau mata da buhun shinkafa bene. Sai osore ga arimasu, salon masu labarai: "tsunami no osore ga arimasu", ana fargabar tsunami. Mugun abu kaɗai ake jingina masa, ba a cewa ana osore ɗin samun ƙarin albashi.

Kiran 119 muka gwada a ƙarshe, lambar 'yan kwana-kwana da motar asibiti (ta 'yan sanda 110 ce). Tambayar farko ita ce "Kaji desu ka, kyuukyuu desu ka?", gobara ce ko mara lafiya. Jin kaji ya sa dariya ta kufce min, ni kaɗai a ajin, na rasa ta inda zan fara bayani. Tambaya ta biyu ce mai wuya: faɗi adireshinka. Rabin ajin sai da suka leƙa waya.

Da yamma na bi ta firamaren unguwarmu, ita ce hinanjo ɗinmu, inda ake fakewa. Ƙofar da ake shiga tana ta baya, gefen filin wasa.