Faifan da na wanke da sifirit

Wata takwas ke nan da yin abin, amma har yau idan mai aski ya buɗe kwalbar sifirit zai goge mini ƙeya, sai na ji raina ya ɓaci. Shi bai san dalili ba, ya ɗauka zafin rezar ne.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi karatu a Landan daga 1979 zuwa 1986, kuma a wajen Brixton ya zauna, tsakiyar 'yan Jamaika. Ya dawo gida da takardar digiri da wani akwatin ƙarfe. Takardar ta ba shi aiki, akwatin kuwa ya yi kusan shekara arba'in a ƙarƙashin gado a Kaduna. Bara da zai tashi daga tsohon gidan sai ya kira ni a waya ya ce, "Kai ne mai kunnen kiɗa a dangin nan. Zo ka kwashe kayan nan kafin a ba 'yan gwangwan." Na je na tarar da ƙananan faifai masu faɗin inci 7, waɗanda ke juyawa sau 45 a minti, ɗari biyu da ɗoriya, yawancinsu da wannan ƙaton ramin a tsakiya da sai ka sa ɗan zoben roba kafin su zauna a kan injin. Na yi wa Kawu alkawarin zan juye su duka cikin kwamfuta in sa masa a wayarsa, tunda idonsa ya yi rauni kuma rediyo ce abokiyar hirarsa yanzu.

Mu 'yan zamanin kaset ne. Abin da muka sani na rege shi ne Bob Marley da Jimmy Cliff da Eric Donaldson, sai namu na gida irin su Majek Fashek da Ras Kimono, sai Lucky Dube wanda babu tashar motar da ba ta san muryarsa ba. Duk a jere muke jin su, waƙa goma a kaset ɗaya. Sai da na zauna da akwatin Kawu na gane cewa a Jamaika ɗan ƙaramin faifan nan shi ne kasuwar. Waƙa ɗaya a gaba, a baya kuma an buga kalmar "Version", wato kiɗan zalla an zare muryar, don mai riƙe da makirufo a wurin rawa ya ɗora nasa baitin a kai. Ranar da na sa "Ring the Alarm" ta Tenor Saw, ta 1985, sai da na tashi tsaye, domin bas ɗin, wato kakkauran sautin da ke ƙarƙashinta, shi ne dai na "Bam Bam" ta Sister Nancy da na sani tun ina yaro. Gindin kiɗa ɗaya ne, abin da suke kira ridim, wannan shi ne Stalag na furodusa Winston Riley wanda aka naɗa tun 1973, mawaƙa suka yi ta hawa kansa shekara da shekaru. Wanda ya san yadda makaɗan kalangu ke riƙe take ɗaya maroƙa daban-daban suna ɗora kirari a kai, wannan ba zai zame masa baƙon abu ba.

Akwai "Under Mi Sleng Teng" har kwafi biyu, ta Wayne Smith, wadda King Jammy ya fitar a 1985 da kiɗan da aka tsinto a cikin wani ɗan ƙaramin fiyano na Casio MT-40. Kawu ya tsani waƙar nan. Ya ce ranar da ta fito ranar aka kori masu ganga da masu jita daga aiki, aka bar wa na'ura. Na tambaye shi to me ya sa ya saye ta sau biyu, ya ce ta farkon ta cinye ne saboda yawan sawa. Ni dai ina sonta, kuma a ganina daga kanta danshol, salon regen wuraren rawa na Jamaika, ya samu ƙafafunsa. Mun bar maganar a nan.

Haɗa injin da kwamfuta bai ba ni wahala ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ƙara. Kowane faifai na sa sai ka ji kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙin. Na ɗauka ƙurar Kaduna ce ta shekara arba'in, sai na duƙufa wanki: ruwa mai tsabta, ɗigon sabulu, da ɗan sifirit kaɗan kamar yadda na ga wasu na yi a intanet. A kan faifan roba abin ya yi aiki daidai gwargwado, ƙurar ta fita. Sauran ƙarar kuwa ta ƙi tafiya, kuma daga baya na fahimci ba za ta taɓa tafiya ba. Da ita aka haife su. Faifan da aka buga a Kingston, babban birnin Jamaika, a wancan lokacin da yawansu da tsohuwar roba aka yi su, wadda aka narke aka sake zubawa, wasu ma ramin bai zauna a tsakiya ba, kana ganin hannun allura yana rangaji hagu da dama. Amma a lokacin ban san haka ba. Na riga na sa wa raina cewa duk ƙara datti ce, duk datti kuma sifirit ne maganinsa. Da wannan tunanin na isa ƙasan akwatin.

A can ƙasa akwai wani faifai shi kaɗai, an naɗe shi da tsohon tawul. Ya fi sauran girma, inci 10, ya fi su nauyi, kuma ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Babu tambarin kamfani, sai farar takarda da rubutun biro da ya dushe. Kusa da ramin tsakiya akwai wani ƙaramin rami na biyu. Fuskarsa duk ta yi wani farin abu mai maiƙo, kamar gishirin da gumi ke bari a jikin hula. Duk waɗannan alamu ne, kowacce tana cewa in dakata. Ban karanta ko ɗaya ba.

Daren Juma'a ne bayan sallar isha. Na ɗora shi a haka da dattinsa don in ji ko mene ne. Bas ya shigo, na gane shi nan take, ridim ɗin Real Rock ne. Sai wata murya siririya, mai ɗan kuka-kuka irin ta mawaƙan danshol na farkon shekarun 1980, ta fara kiran sunan wata ƙungiyar masu sifiku, masu sa faifai a wuraren rawa, tana yabonta. Can wajen tsakiya, cikin Turancin Jamaika da ba duka nake kamawa ba, na ji mutumin ya ce "Kaduna". Sau biyu ya faɗa. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, tsigar jikina ta tashi.

Kwamfutar a kunne take. Wayar a jone take. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity a buɗe take a gabana, jan maɓallin ɗauka yana kallona. Abin da na ce a raina shi ne, wannan ai ya fi ƙarfin a ɗauke shi da wannan ƙarar, bari in wanke shi tukuna in yi wa Kawu aiki mai kyau. Minti uku kacal zai ɗauke ni in sake sa shi in danna maɓallin. Na yi ta lissafin mintuna ukun nan har na gaji.

Saboda farin maiƙon ya ƙi fita da ruwa, sai na tsiyaya sifirit tsantsarsa a kan auduga na bi layin faifan a hankali. Audugar ta yi baƙi ƙirin. Na ce kai, dubi dattin da ke jikin abin nan, na ɗauko sabuwa na ƙara sifirit. Sai a ta uku na ji yatsana yana mannewa, wani wari kamar na jan farce ya cika ɗakin. Na ɗaga shi a fitila na ga inda na goge ya yi sumul yana ƙyalli, layukan sun kwanta. Baƙin da ke jikin audugar nan waƙar ce. Na bar shi ya bushe har safe ina fatan banza. Da na ɗora allura sai ta zame fuu ta wuce tsakiya, abin da ya rage ɗan guntun bas ne a farko, daƙiƙa goma sha wani abu, kafin muryar ta shigo.

Abin da na karanta washegari, wanda da na karanta shi kwana ɗaya kafin nan da ban rubuta wannan ba: irin wannan faifan shi ake kira dubfilet. Farantin alminiyam ne aka shafe shi da wani fenti mai laushi, ana yanka waƙar kai tsaye a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, ba bugawa ake yi da yawa ba. Masu sifiku a Jamaika da Ingila da shi suke gasa, kowa ya sa mawaƙi ya yi masa waƙar da ke kiran sunansa wadda abokin hamayya ba shi da ita. Farin maiƙon kuma ba datti ba ne daga waje, man da ke cikin fentin ne ke fitowa idan ya tsufa, kuma masu adana kayan tarihi suna da hanyarsu ta cire shi. Sifirit narka fentin yake yi. Kowa a harkar ya san wannan, har ba a cika faɗa ba saboda an ɗauka sananne ne.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa Kaduna. Na same shi a zaure da rediyonsa, na gaishe shi, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce, "Kawu, wannan na cikin tawul ɗin, na yi maka ɓarna." Ya yi shiru. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe a ƙarshen mako shi yake taya wata ƙungiya ɗaukar akwatunan sifiku daga mota zuwa zauren rawa, don ya samu na kashewa. Wani mawaƙi ya zo daga Kingston, mai ƙungiyar ya kai shi ya yanka musu waƙa, Kawu yana wurin riƙe da jaka, mawaƙin ya tambaye shi daga ina yake. Da zai dawo gida a 1986 mai ƙungiyar ya ba shi faifan kyautar sallama. Tun da ya dawo bai sa shi ba, don an gaya masa kowane sawa yana cin jikinsa, yana ta ajiyar sai wata rana.

"Ka dai ji ta?" ya tambaye ni.

Na ce, "Na ji, Kawu. Sau ɗaya."

Ya ce, "To ka fi 'ya'yana." Bai ƙara cewa komai a kai ba, ya sa aka kawo mini abinci. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu duk faifan da ya zo hannuna, da ƙurarsa da komai nake fara ɗaukarsa. In ya so in share shi da busasshen buroshi mai laushi, shi ke nan, sai an adana wannan ɗaukar a wuri biyu kafin ruwa ya taɓa shi. Allura na iya cin ƙura ta lalace, a sayi wata. Kuma kafin komai ina ɗaga faifan in auna nauyinsa a hannu, in ɗan ƙwanƙwasa gefensa da farce, in duba bakin ramin ko ƙarfe na leƙowa. Idan na ga rami na biyu ko rubutun hannu, kwalbar ma fitar da ita nake yi daga ɗakin.

Ƙarar suyar ƙosan ma na daina yaƙi da ita. Na taɓa matsa wa "Night Nurse" ta Gregory Isaacs da matatar ƙara ta kwamfuta har muryarsa ta koma kamar daga cikin rijiya yake waƙa. Wannan kuskuren mai sauƙi ne, faifan na nan, na sake ɗauka na bar masa ƙararsa. Haka faifai arba'in na farko da na yi wa gaba kawai na tsallake bayansu, ina ganin kiɗa ba murya ɓata lokaci ne, sai da na juya wani na Johnny Clarke na ji abin da injiniyan sauti King Tubby ya yi wa ganga da bas a bayan, na koma na sake su duka. Zafi kuma, kada ka bar faifai a but ɗin mota a watan Afrilu ko na awa ɗaya, kuma a tsaye ake jera su kamar littattafai. Waɗannan duk ana gyara su ko a sayi wani. Na cikin tawul ɗin ne babu na biyunsa a Kingston ko Landan ko ko'ina.

Da Babbar Sallah na koma masa da wayar cike da waƙoƙinsa. A cikin akwatin akwai "Armagideon Time" ta Willi Williams, bugun Studio One, wadda ke kan Real Rock ɗin nan da makaɗan Sound Dimension suka naɗa a 1967. Na sa masa bayan faifan, kiɗan zalla, ban ce komai ba. Ya saurara, ƙafarsa ta fara motsi, can sai ya soma rera abin da ya tuna na waccan waƙar a hankali, baiti biyu ne kawai, sauran ya cike da gunguni. Wannan karon wayata na hannuna kuma na riga na danna. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in ne, akwai tarinsa a ciki, akwai jikarsa tana kiran a zo a ga rago ya kwance. A wurin da mawaƙin ya ce Kaduna, Kawu ma ya faɗa, sau biyu.