Asabar ɗin ƙarshen wata a layin biyan kuɗi

Yanzu ƙarfe goma da rabi na dare, yara sun yi barci, Baban Amira yana falo yana jin labarai a waya, ni kuma na kwanta na tashi har sau biyu barcin ya ƙi zuwa. Abin da na gani a kanti ɗazu da yamma ne yake ta cin raina, sai na ce bari dai in rubuta ko zuciyata za ta yi sanyi.

Jiya albashi ya shigo. Tsarin gidanmu dama a san shi, hatsi maigida ne yake zuwa Dawanau ya auno, kayan kwali irin su taliya da sukari sai Singa, kayan miya kuma in an samu mai zuwa 'Yankaba a ba shi sautu. Abin da ya rage nawa ne, madarar yara da famfas ɗin Sadiƙ da sabulu da man shafawa da sauran ƙananan tarkace, su kuma na fi son in shiga babban kanti in ɗauko, saboda kowane kaya ga kuɗinsa nan a rubuce, ba ja-in-ja, ga sanyin esi a wannan zafin da ake tafkawa. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014 abin ya shiga jikin Kanawa, yanzu kusan kowace unguwa ka leƙa sai ka ga sufamaket, ƙarami ko babba. Wanda na je yau wani ne daban, na kusa da mu, ba zan faɗi sunansa ba don su ba su yi mini komai ba, mu masu sayayya mu ne matsalar yau.

Bayan la'asar na ɗauki Amira muka tari adaidaita daga Tarauni. Kuɗin da ya faɗa sai da na sake tambayarsa, ya ce Hajiya ai kin san mai, na ce na sani, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa wannan amsar yake bayarwa kuma gaskiyarsa ce. Muka shiga.

Tun daga bakin ƙofa aka fara. Akwai wurin ajiye jaka, su ba ka 'yar lamba ka riƙe, in ka fito ka karɓi kayanka. Wata mata a gabana da ƙatuwar jaka kamar ta tafiya, maigadin ya ce mata cikin ladabi Hajiya a taimaka a ajiye a nan, ai kuwa ta taso masa, wai shi ya isa, wai kallon ɓarauniya yake mata, ya san ko matar waye ita. Bawan Allah dattijo ne, ya yi jika da ita in dai a shekaru ne, sai ba ta haƙuri yake. Ƙarshe dai ta ajiye, amma wurga masa ta yi.

A ciki cunkoso ne sosai, ƙarshen wata kowa ya samu. Layin su madara wasu mata biyu sun haɗu, da alama sun daɗe ba su ga juna ba, kowacce ta gindaya keken kayanta a tsakiyar hanya ana ta hirar anko da wanda ya zo kamu da wanda bai zo ba. Na ce salamu alaikum, shiru. Na ce don Allah a ɗan gafara in wuce, shiru. Sai a na uku ɗaya ta ɗan ja keken da ƙafa ko kallona ba ta yi ba. Wannan ban ma sa shi a raina ba, mun saba.

Wanda ya tsaya mini shi ne kaza. Na je ɗaukar sabulun wanki na sa hannu a kanta sai na ji sanyi da danshi, na leƙa, kaza ce guda ta firiza a cikin ledarta wani ya cusa ta bayan kwalayen sabulu. Ta fara narkewa, ruwan jini-jini yana bin kwalin yana ɗiga ƙasa. Wato mutum ya ɗauko, ya yi lissafi ya ga kuɗinsa ba za su kai ba, ko ya fasa kawai, maimakon ya taka taku ashirin ya mayar da ita inda ya ɗauko ko ya miƙa wa ma'aikaci, sai ya ɓoye ta a nan ya yi gaba. Fasa saye ba laifi ba ne, wallahi ni ma sau nawa nake mayar da kaya a zamanin nan. Amma nama ne fa, in ya narke ya jima a waje ya tashi daga aiki, in kuma aka mayar da shi firiza a haka wani ne zai saya ya kai wa iyalinsa. Na kira wani yaro mai rigar kantin na nuna masa, ya ɗauka yana girgiza kai, ya ce Anti kullum sai mun tsinci irin wannan, wani lokacin har askirim, kuma mu ake tambaya. Ya je ya ɗauko tsumma ya durƙusa yana goge ƙasa, mutane suna tsallake shi.

Can kuma wata da ɗanta, yaron ya kai shekara biyar, ya ɗauki yogot ya buɗe yana sha tana kallo, da ya gama ta karɓi robar ta tura ƙarƙashin kanta. Amira ta ja mini hijabi ta ce da ƙarfi, Umma ai ba su biya ba. Na toshe mata baki muka bar wurin, amma maganar ta tsaya mini, don yarinyar gaskiya ta faɗa, kuma shi wancan yaron yau an koya masa wani abu da zai daɗe bai manta ba.

Toh, sai layin biya. Kashiya huɗu ne amma uku ke aiki, kowane layi ya miƙe har cikin kaya. Mun kai minti ashirin a tsaye, Amira ta fara cewa ƙafarta, sai ga wata ta zo ta gefe ta kutsa gaban wanda ke gabana tana cewa yi haƙuri ɗan'uwa abu ɗaya ne kawai a hannuna. Ya matsa mata. Tana isa gaban kashiya ta ɗaga hannu ta yafito ƙanwarta, sai ga kwando cike taf. Aka yi ta gunaguni, wani daga baya ya ce haba baiwar Allah, mu da muke tsaye itatuwa ne? Ta yi kamar ba da ita ake ba, ta ciro waya tana dannawa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya.

Mutum biyu ne tsakanina da kashiya, na gaban wani Alhaji ne, shadda sai ƙyalli take, ƙamshin turare ya cika wurin, kekensa ya cika har ya yi tozo. Yarinyar da ke kan na'urar ba za ta wuce shekara ashirin ba, siririya, ta ɗaura ɗan ƙaramin hijabi a kan rigar aiki. Ta gama wuce kayan ɗaya bayan ɗaya ta faɗa masa kuɗinsa, waya na kunnensa bai ko dube ta ba, ya zaro kati da hannun hagu ya cilla kan teburin har ya zame ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka. Ta sa a POS, ya danna lambobinsa, abin ya yi ta juyawa ya yi ta juyawa, can ya fito da takarda cewa bai yi ba. A daidai lokacin kuma wayarsa ta yi ƙara, alat ya shigo an cire kuɗin.

Duk wanda ya yi rayuwa a ƙasar nan tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 kowa ya koma kati da taransifa dole, ya san wannan matsalar. Sabis ne yake yankewa a tsakani, banki ya cire daga asusunka amma kuɗin bai isa wurin mai kanti ba, daga baya su dawo maka da shi, wani lokacin nan take wani lokacin sai ka yi sintiri a banki. Yarinyar ba ta da hannu a ciki ko kaɗan, kuma ba ta da ikon sakin kaya in takardar ba ta nuna an biya ba, in ta saki ita za ta shiga uku. Haka ta yi masa bayani, muryarta ƙasa-ƙasa, Alhaji ka yi haƙuri bai shigo mana ba, za su dawo maka da shi in sha Allah.

Wallahi kamar jira yake. Ya kashe wayar ya fara, ku ɓarayi ne, haka kuke cutar mutane, ke har kin isa ki riƙe mini kaya, nawa ake biyanki a wata, abin da ke cikin keken nan ya fi albashinki na wata uku. Har da ambaton iyayenta, wannan ba zan iya rubuta shi ba. Yana magana yana buga teburin da tafin hannu, ledojin suna tsalle. Ita kuma ba abin da take cewa sai yi haƙuri Alhaji, yi haƙuri Alhaji. Ina kallon hannunta, takardar POS ɗin tana rawa a tsakanin yatsunta, idonta ya kawo ruwa tana ta ƙiƙƙiftawa don kada ya zubo a gaban mutane. Mu kuma mun fi mu talatin a wurin, maza da mata, kowa ya yi tsit, wasu ma waya suka ɗaga. Ni ma shiru na yi, kuma wannan shirun ne ya hana ni barci yanzu.

Wani tsoho ne ya yi magana, yana layin gefe, hularsa duk ta koɗe, burodi ne da ganyen shayi kawai a kwandonsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Alhaji, 'yar wani ce fa. Da a ce taka ce a tsaye a nan tun safe tana neman halal ɗinta, wani ya zo ya yi mata haka, ya za ka ji? Alhajin ya juyo zai yi magana, ya ga furfura, ya haɗiye. Sai a lokacin wasu suka samu baki, ana gaskiya ne Baba, gaskiya ne. Manajan ya iso yana ba da baki, ana cikin haka wayar ta sake ƙara, kuɗin sun dawo. Ya duba, ya yi taransifa, aka tura masa keken har mota. Ko waiwaye bai yi ba, balle ya ce mata yi haƙuri.

Ina tsaye ina tunanin garin nan namu. Kasuwa ba baƙuwarmu ba ce, Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara ɗari biyar ke nan. Ni na tashi ina bin Hajiyarmu Kwari sayen atamfa, kuma ban taɓa ganin ta taɓa yadi ba sai ta gama gaisuwa tukuna, ina wuni, ya kasuwa, ya iyali, ya jikin Malam, a kawo mata benci a kawo ruwa, sannan a fara nawa ne wannan. Shi kansa wannan Alhajin na tabbata in ya shiga Kwari ko Sabon Gari haka yake yi, da fara'arsa da wasa da dariya. Me ya sa da mun tura ƙofar gilashi mun ji sanyin esi sai mu ajiye gaisuwar tare da jaka a bakin ƙofa? Abin da ya zo mini, kuma ya yi mini ciwo, shi ne a kasuwa muna neman ragi, ɗan kasuwa yana da abin da zai yi mana, ita kuwa yarinyar nan kuɗi a rubuce yake ba ta iya rage maka ko naira biyar, ba abin da za ka samu a wurinta, shi ya sa ba ma ganin ta, kamar wani ɓangare ne na na'urar. Ba na son in yarda cewa duk gaisuwar da aka rene mu da ita ta neman ragi ce, amma abin da idona ya gani yau ke nan.

Da layi ya zo kaina na ce mata sannu da aiki ƙanwata, ki yi haƙuri kin ji, Allah yana gani. Ta ɗago ta ce ba komai Anti, na gode, sai a lokacin hawayen ya zubo, ta sa gefen hijabi ta share da sauri ta ci gaba da wuce kayana. Kayan sun kama 38,450, na ba ta tsaba, babu canjin hamsin ta ce ko in ɗauki alawa, Amira ta riga ni miƙa hannu. Na kai shekara biyu ina zuwa kantin nan, na sha biya a wurin yarinyar nan, kuma na yi ta tunani ban tuna ranar da na taɓa gaishe ta ba kafin yau. Tsohon nan na neme shi a waje in yi masa godiya ban gan shi ba.

A adaidaita muna dawowa ana kiran magariba, Amira tana tsotsar alawarta ta ce Umma me ya sa mutumin nan ya sa antin kuka, na ce ransa ne ya ɓaci, ta ce to ai ba ita ta ɓata masa ba. Sai kuma ta ce ya sunanta? Na ce ban sani ba.

Ɗazu da nake jera kaya a kicin na ciro rasit ɗin daga ƙasan leda zan yar, sai na ga ashe suna buga sunan kashiya a sama, kusa da kwanan wata. Na karanta wa Amira kafin ta yi barci, ta maimaita sau biyu, ta ce in za mu koma in tafi da ita. Na ninke rasit ɗin na sa a cikin jakata. Famfas ɗin Sadiƙ ba zai kai sati biyu ba dama.