Idan sunan fayil ya ci karo da sunan folda

A Linux da sauran tsarukan da suka samo asali daga Unix, folda ita ma fayil ce, sai dai abin da ke cikinta jerin sunaye ne, kowane suna haɗe da lambar inode, wato lambar shaidar fayil a kan faifai, da ke kai mutum ga ainihin bayanan. A Unix fitowa ta 7, wadda aka saki a 1979, kowane suna a cikin folda yana cin bayit 16 kacal, 2 na lambar, 14 na sunan. Tun da jerin guda ne, suna ɗaya a wuri ɗaya ba zai zama na fayil kuma na folda ba.

To, idan manhaja ta nemi a ƙirƙira mata fayil mai suna "rahoto", alhali akwai folda mai wannan suna a wurin, Linux ba ta yarda. Kiran open, wanda manhaja ke yi domin buɗe fayil, tare da O_CREAT, wato alamar a ƙirƙira shi idan babu, yana dawowa da kuskuren EISDIR, mai lamba 21, wato abin da aka nuna folda ce, idan kuma an haɗa da O_EXCL, mai cewa dole fayil ɗin ya zama sabo, amsar ita ce EEXIST, mai lamba 17, wato akwai wannan suna tuni. Ƙin nan daidai ne, domin da an bar kowace manhaja ta rubuta abin da ta ga dama a kan jerin sunayen, da sakacin layi ɗaya ya isa ya ɓatar da hanyar zuwa dubban fayiloli, ko da bayanansu suna nan a kan faifai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda Windows take faɗin ƙin nata. Kiran CreateFile, takwaran open a Windows, a kan folda yakan dawo da ERROR_ACCESS_DENIED, mai lamba 5, wanda ke nuna kamar izini ne babu. Layi ɗaya na yaren shirya manhaja Python da ke buɗe "rahoto" domin rubutu zai ba da IsADirectoryError (folda ce) a Linux, amma a Windows sai ya ba da PermissionError (babu izini). Ɗalibin da ya ga wannan zai kama hanyar da ba ta ɓullewa: ya sauya izinin folda, ya sake kunna manhajar da ikon mai gudanarwa, ya zargi manhajar tsaro, alhali matsalar duka ita ce ya manta bai ƙara sunan fayil a ƙarshen adireshin foldar ba. A ganina, tsarin da ya san dalilin ƙinsa bai kamata ya ɓoye shi ba.

Umarnin touch na Linux kuwa, wanda ake yawan amfani da shi domin ƙirƙirar fayil marar komai, ba ya ko ƙorafi. Idan ya tarar da folda, sai ya sabunta lokacinta ya wuce, wanda ya ba da umarnin yana zaton ya samu sabon fayil.

Linux ma ba ta tsira daga irin wannan ruɗani ba. Shekaru da dama, wanda ya haɗa O_CREAT da O_DIRECTORY, alamar da ke nufin folda, yana fatan samun sabuwar folda, fayil na yau da kullum ake ƙirƙira masa, a wasu fitowar ma har da saƙon kuskure bayan an riga an ƙirƙira. Sai a Linux 6.4, a 2023, aka mayar da haɗin ya zama kuskuren EINVAL kai tsaye, wato buƙata marar inganci, mai son folda kuma ya nufi mkdir, kiran ƙirƙirar folda.