Saƙon Godiya ga 'Yan'uwa da Suka Tsaya Mini a Madina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata ga 'yan'uwa ɗalibai da mazauna Madina waɗanda suka tsaya mini a makon da ya gabata, lokacin da noti guda ɗaya tak ya kusa raba ni da kwamfutar da nake rubuta risalata, wato kundin bincikena na karatu, a cikinta.

Abin da ya faru shi ne, kwamfutar tawa ta tafi-da-gidanka mai RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na 4GB ta daɗe tana nauyi, musamman idan na buɗe Maktaba Shamila, manhajar da ta tattara littattafan addini na Larabci, tare da babin da nake gyarawa, don haka na sayi RAM na 8GB irin DDR4 da niyyar in ƙara mata da kaina. Noti shida na murfin ƙasa sun fita lafiya, amma na bakwai ya ƙi motsi, ni kuma na ci gaba da murɗawa da sukudireban da bai yi daidai da shi ba, har sai da ramin kan notin ya cinye ya zama sumul. Na gwada ɗora robar ɗaure kuɗi a kai kamar yadda aka ba ni shawara, ba ta yi ba. A daren nan ban runtsa ba, domin saura kwana biyar in miƙa wa malamina babi na uku.

Godiyata ta farko ga abokin ɗakina, wanda ya riƙe hannuna lokacin da nake shirin ɓamɓare murfin da ƙarfi, sannan ya ba ni aron tasa kwamfutar har kwana uku alhali shi ma yana da jarrabawa a gabansa.

Babbar godiya kuwa ga wani dattijo mai gyara, Bahaushe haifaffen nan ƙasar, wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji suka zauna. Da ya duba, cewa ya yi: "Ɗana, ba za mu huda shi ba." Ya yi mini bayanin cewa idan aka huda, garin ƙarfe zai zuba a kan babban allon kwamfutar ya haɗa wuta, ga kuma batir kwance a kusa. Ya nuna mini cewa irin waɗannan noti kaurinsu milimita 2 ne kawai, kuma akan shafa musu wani shuɗin gam a masana'anta don kada su kwance, shi ya sa wani yakan kafe. Sai ya ɗora bakin ƙarfe mai zafi na liƙe wayoyin lantarki a kan notin na ɗan lokaci don gam ɗin ya saki, ya kawo sukudireba mai lamba 0, ya danna sosai yana juyawa sannu a hankali, da kan notin ya ɗan ɗago ya kama shi da ƙaramar filaya ya zare.

Bai tsaya nan ba. Ya sa na cire haɗin batir da hannuna, ya koya mini saka RAM a karkace sannan a danna shi ƙasa har maƙalai biyu na gefe su kama, ya kuma jera kowane noti a kan takarda daidai da gurbinsa, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogon kuwa idan ya shiga gurbin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashinsa. Da na miƙa masa kuɗi ya ce: "Ɗalibin ilimi ne kai, ka sa iyayena a addu'a."

Yanzu kwamfutar tana nuna 12GB, kuma na miƙa babin a kan lokaci. Baba, Allah ya jiƙan magabatanka, ya yi wa zuri'arka albarka, ya saka wa duk wanda ya kira ni ko ya yi mini jagora zuwa shagon da mafificin alheri.