Ƙwan tocila da abin da ya koya mini game da zafi

Tocilar ƙarama ce, mai cin batir ɗaya samfurin 18650, kuma lafiyarta ƙalau. Haskenta ne ya ishe ni: fari fat mai ratsin shuɗi, wajen 6500K a ma'aunin launin haske, wanda in ka haska tarin wayoyi da shi sai ja da ruwan ƙasa su rikice maka. Na ƙudura zan cire ƙwan LED ƙirar Cree XP-G da ta zo da shi, in sa ƙirar Nichia 219C mai 4000K, mai ɗan ratsin rawaya, wanda CRI ɗinsa ya haura 90, wato yana fito da launin abu kusan yadda hasken rana yake yi. Girmansu ɗaya, milimita 3.5 ta kowane gefe, kuma duka na bolt 3 ne. Na ce aikin minti goma.

Ƙwan farko kuwa ƙona shi na yi.

Ashe ƙafafun LED suna ƙarƙashinsa ne, guda uku: biyu na wuta, na tsakiya kuma hanyar fitar zafi ce zuwa ɗan faifan ƙarfen da yake zaune a kai. Bakin ƙarfen narka dalma ba ya kaiwa wurin, sai dai a gasa faifan ta ƙasa. Dalma mai haɗin 63/37, wato kuza kashi 63 cikin ɗari, tana narkewa a digiri 183 na Celsius, kuma da zarar ta yi ƙyalli za ka ga ƙwan ya ɗan motsa ya daidaita kansa a mazauninsa, abin sha'awa. A nan ya kamata in sauke. Ni kuwa na tsaya kallo, wai don ta kama sosai, har rawayan da ke samansa ya dafe. Wannan rawayan shi ke mai da shuɗin hasken LED fari, in ya lalace an gama.

A na biyu na rage dalma, don in ta yi yawa ƙwan kan hau kanta ya karkace, haske ya fita a gicciye. Na riƙe shi da hantsaki ta gefe, ban taɓa tulluwar samansa ba, mai laushi ce. Kafin in haɗa waya na gwada da mitar awon wuta, ya yi ɗan haske dishi-dishi, na tabbatar fozitif da negatif ba su juya ba.

Duk da haka na sake yin wauta. Na mayar da faifan ba tare da man da ke kai zafi jikin tocila ba. Na kunna a mafi ƙarfi, ba a jima ba hasken ya fara komawa shuɗi, alamar ƙwan yana dahuwa. Na kashe da sauri, na shafa man siriri kamar fatar albasa, na mayar da zoben roban da ke hana kofin madubi taɓa dalma.

Yanzu jikinta kan yi ɗumi da wuri, wanda da can zan ɗauka matsala ce, alhali zafin ne ya sami hanyar fita. Haskenta bai kai na da ƙarfi ba, gaskiya. Amma jar waya ja take fitowa.