Minti Biyu na Farko: Inda Muka Kai a Shirin Fim Ɗinmu na Aljanu

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon harkar fim. Yau mako uku ke nan muna kan abu guda a nan Daura, wato tsara minti biyu na farkon gajeren fim ɗin da za mu gabatar a ƙarshen zangon karatu, kuma ina so in rubuta muku inda muka kai tun dalilan da suka sa muka sauya tsari ba su ɓace mini ba.

Mu shida ne, kayan aikinmu kuwa kamara ɗaya ce ta aro, da makirfo ɗaya, da fitilu biyu masu batir. Labarin na wata yarinya ce mai suna Hanne, wadda ta zo hutu wurin kakarta, ta yi abin da aka hana ta, daga nan wani abu ya biyo ta gida. Shawarar farko ita ce mu buɗe da rijiyar Kusugu, amma ba mu daɗe a kanta ba. Duk wanda ya ga wannan rijiya, Bayajida da macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ne za su faɗo masa a rai, sai ya zauna jiran wani labari wanda ba shi muka zo bayarwa ba. Daga nan muka gwada hayaƙi da fararen idanu da murya mai amsa kuwwa. Da muka nuna wa ƙannenmu gwajin, babu wanda ya tsorata, hirar yadda aka yi idanun kawai suka shiga yi. Ranar na yarda cewa da kayan da muke da su, nuna aljani a fili ɓarnar fim ne.

Abin da muka koma kai tun can yana cikin zuciyar mai kallo. Babu ɗan Hausa da bai taso yana jin ana kiran yara su shigo gida idan magariba ta gabato ba, kuma wannan yana da tushe a hadisi, inda aka yi umarni da a tsare yara a farkon dare saboda shaiɗanu na bazuwa a lokacin. Kowa ya san an hana zubar da ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, kowa kuma ya san abin da ake faɗa game da gindin tsamiya. Idan muka haɗa waɗannan uku a fitowa ɗaya, ba ma buƙatar bayani ko kaɗan, domin mai kallo zai riga Hanne sanin cewa ta yi ɓarna.

Ga yadda muka zana shi a takarda, hoto goma sha ɗaya. Allo zai fara da duhu, kunne ne zai fara aiki: daka a turmin maƙwabta, hayaniyar yara a ƙofar gida, kukan awaki masu dawowa daga kiwo. Sai tsakar gida ta bayyana daga nesa, tsohuwa na zaune a tabarma da carbi, Hanne na sauke tukunya daga murhu. Tsohuwar za ta ce, "Ke Hanne, bar ruwan nan ya huce kafin ki zubar." Ita kuma ta amsa da murmushi, "To Kaka, na ji." Mun daɗe a kan wannan murmushi, domin wasan jika da kaka ne ya sa ba ta ɗauki maganar da nauyi ba. Ba ma son ta fito a matsayin mara kunya, so muke mai kallo ya ƙaunace ta kafin ta yi kuskuren. Za ta fita ta ƙofar baya, ta juye ruwan a gindin tsamiya, tururi ya tashi, kuma a daidai nan turmi da yara da awaki duk su ɗauke lokaci guda. Kamara za ta tsaya a fuskarta daƙiƙa takwas ba motsi.

Hoto na goma ne ya jawo muhawara. Mai ɗaukar hotonmu yana son kamara ta bi ta a guje tana girgiza, a matsayin idon aljanin. Ni ban goyi baya ba, domin da zarar kamara ta yi gudu an faɗa wa mai kallo siffar abin da saurinsa. Na fi son a ajiye ta ƙasa-ƙasa a bayan itacen, ba ta motsi, muna ganin bayan Hanne tana komawa gida, sai busassun ganye su ɗan juya a inda ta zubar da ruwan, kamar 'yar ƙaramar guguwa. Mun amince a ɗauki duka biyun, a yanke hukunci wurin tacewa.

Sai batun kiran salla, wanda ya kusa shige mana. A rubutun farko mun sa shi yana tashi a daidai lokacin da abin ke bayyana, don kawai sautin ya yi mana daɗi. Wani daga cikinmu ya tuna mana hadisin da ya nuna cewa Shaiɗan gudu yake yi idan an kira salla, saboda haka duk mai kallon da ya san wannan zai ga mun haɗa abin da ba ya haɗuwa. Mun mayar da shi hoto na ƙarshe: Hanne ta shige gida, ladan ya kira salla, ganyen ya kwanta, sannan sunan fim ya fito. Tsarin ya fi ƙarfi a haka, domin ya nuna cewa abin ja da baya ya yi, ba tafiya ba.

Wannan ya taɓa jadawalin ɗauka ma. Hasken da ke saura bayan faɗuwar rana a nan bai fi kimanin minti ashirin ba, kuma lokacin salla ne, ba za mu tsaya riƙe da kamara ba. Hazon hunturu ne ya cece mu, domin yana dusashe rana har inuwa ta kusa ɓacewa. Za mu ɗauka a rabin awar ƙarshe kafin rana ta faɗi, mu rage hasken da ke shiga kamara, sauran mu gyara a kwamfuta, kuma mun raba hotunan zuwa yammaci uku don launin sama ya daidaita.

Kuskure biyu na gwajin makon jiya su zama izina gare ku. Ƙwan lantarkin da ke zaure ya riƙa ƙyaftawa a hoto, saboda wutar Najeriya tana tafiya a kan hertz 50 ne, wato tana kaiwa da komowa sau 50 cikin daƙiƙa, kamarar kuwa an saita ta a hoto 30 cikin daƙiƙa. Da muka mayar da ita 25, saurin buɗe idon kamara kuma 1/50 na daƙiƙa, ƙyaftawar ta daina. Na biyun shi ne shirun nan da muke ji da shi. Da muka cire sauti gaba ɗaya, sai ya zama kamar lasifika ce ta lalace. Shiru a fim yana da nasa sautin, don haka dole mu naɗi minti ɗaya na iskar wurin babu mai magana, mu shimfiɗa shi a ƙarƙashin waɗannan daƙiƙoƙi takwas, kuma mu rufe makirfon da soso saboda iskar hunturu.

Mai gidan ya ba mu izinin aiki daga Asabar, mun kuma sanar da mai unguwa. Abin da ya rage shi ne yadda za mu juya ganyen nan ba tare da an ga hannunmu ba. Fanka mai caji watsa su take yi gefe guda, faifai kuwa ba ya kai musu daga wajen hoto, saboda haka gobe da la'asar za mu gwada mafitai uku daga kusurwa uku, sannan mu gwada ɗaure 'yan ganye da siririn zare baƙi.